Garken zare: daga kunkuru zuwa ragon Uda

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Aikin da na ɗaukar wa kaina bana shi ne in saƙa wa yaran gidanmu ɗan garken dabbobi kafin Babbar Sallah: kunkuru, zabuwa, raƙumi, sai rago a ƙarshe don shi ne mai wuyar. Irin saƙar nan ce ta mutanen Japan, amigurumi, ƙananan dabbobin da ake yi da kwarashi a cusa musu auduga. Intanet ne ya fito da ita daga Japan a farkon shekarun 2000. Da aka buɗe shafukan intanet na masu aikin hannu, Etsy a 2005 da Ravelry a 2007, kuwa sai abin ya zama ruwan dare, kowa na sayar da tsarin saƙarsa ko ya raba kyauta.

Tsari kam ga shi nan birjik, sai dai in kin duba, daga beyar sai fanda, sai zomo sanye da riga, sai tsuntsun ƙanƙara da gyale a wuya. Kyau suna da shi, ban musa ba. Amma autar Yaya ba ta san beyar ba. Ta san zabin da ke tashinta da kuka da sassafe, ta san ragon da ake turkewa a bayan gida. Don haka ba zan bi tsarin kowa kai tsaye ba. Ƙa'idar da suke gina jiki da ita zan koya, in gina namu.

Kwarashi ba baƙona ba ne, tun muna 'yan mata muke saƙa hular jarirai da safa da shawul. Sai dai duk waɗancan laushi ake nema, a saki hannu saƙa ta zuba. Nan kuwa so ake ta tsuke ta yi tauri, yadda auduga ba za ta leƙo ba. Shi ya sa ake ɗaukar kwarashin da bai kai wanda aka rubuta a takardar zaren ba. Zaren da na sayo milimita 4 aka rubuta masa, ni kuwa da 2.5 da 3 zan yi aiki. Wadda ta samu kwarashin Japan, irin na Clover ko Tulip, lambarsu daban ce: 4/0 shi ne milimita 2.5, 5/0 milimita 3, 6/0 kuma 3.5. Nawa na kasuwa ne, na alminiyam, na naɗe ƙotarsa da tsumma da salatif don kada ya ci mini yatsa.

Zare iri biyu na haɗo: ulun roba da muka saba, mai sauƙin kuɗi, da wanda 'yan kasuwa ke ce wa milk kotin, gamin auduga da roba. Zaren auduga zalla mai kauri ya fi fitar da ƙulli tas, amma sai an sha yawo kafin a same shi, in an samu ma daga Sin ko Turkiyya ya zo. Alhali ga garuruwanmu na auduga, ga Funtuwa, ga Gusau. Bari dai in yi shiru.

Lahadi, 19 ga Janairu

Makon nan ƙwallaye kawai nake saƙawa ina warwarewa, domin duk dabbar da kika gani a wannan saƙa ƙwallo ce da aka ja, ko aka matse, ko aka lanƙwasa. Kai ƙwallo, jiki ƙwallo mai tsawo, ƙafa ƙwallon da ba a rufe bakinta ba.

Daga zoben zarge ake farawa. Ki naɗe zare a yatsa, ki saƙa gajeren ƙulli shida a jikin naɗin, ki ja jelar zaren, ramin tsakiya ya rufe ruf. Hula da sarƙa muke fara ta, a haɗa baki a bar ɗan rami a tsakar kai, ba wanda ya damu. A nan kuwa wannan ramin ne auduga za ta bi ta fito ta hancin dabba.

Daga shidan nan sai lissafi. A zagaye na biyu kowane ƙulli a zuba masa biyu, sun zama 12. Na uku ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, 18 ke nan. Sai 24, 30, 36. Kullum shida ake ƙarawa, kuma ba camfi ba ne, lissafin da'irar da aka koya mana a makaranta ne. In nisan baki daga tsakiya ya ƙaru da taki ɗaya, kewaye yakan ƙaru da taki shida da 'yar ɗoriya, 6.28. Gajeren ƙulli kuma tsayinsa da faɗinsa kusan ɗaya ne. To in kin ƙara shida, saƙa za ta kwanta shimfiɗe. Kika ƙara ƙasa da haka, ta fara tashi tana tsini. Kika wuce shida, baki ya yi ta tattarewa. Kika daina ƙari, bango ya miƙe. Kika shiga ragewa shida-shida, ƙwallo ta rufe. Duk tsarin da ake sayarwa da dala a kan wannan yake zaune.

Ba a rufe zagaye a nan, tafiya ake yi ana hawa kamar ɗinkin faifai. In ba ki sa alama ba, ba za ki taɓa gane inda zagaye ya fara ba. Ni fil mai makulli nake maƙalawa a ƙullin farko, ina ɗaga shi duk zagaye.

Hunturu ya sa hannu kaushi, zare na maƙalewa a fatar yatsa yana tsefewa. Man kaɗanya da daddare, a wanke hannu da safe kafin a taɓa farin zare. Ulun roba kuma a wannan iska ƙura yake ja, a leda nake ɗaure shi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kunkuru ya tashi. In ana jera ƙarin kowane zagaye a kan na ƙasansa, da'irar ba ta fita sumul, kusurwa shida take yi. Masu saƙa suna gudun haka, sukan riƙa matsar da wurin ƙarin. A ƙoƙon bayan kunkuru kuwa kusurwoyin nan ado ne, sai na bar su, na ma bi layukan da zare mai duhu. Na kai 42, na yi zagaye huɗu ba ƙari, na saƙa cikinsa daban a shimfiɗe. Kai da ƙafafu a tsakanin baki biyun na sa su na saƙe tare, ban taɓa allura ba. Ya cika tafin hannu. Ƙanina ya ce wuyan ya yi gajere. Kunkuru ne, yana da ikon maƙe wuyansa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Maganar abin cusawa. Na cika ƙwallaye iri ɗaya da abubuwa daban-daban, na ba yara suka yi ta jifa da su, sannan na wanke.

Audugar rimi, wadda kakanninmu ke cika matashi da ita, tana da laushi ga rashin nauyi, kuma kyauta Inna ta ba ni daga wani tsohon filo. Sai dai gashinta gajere ne mai santsi, yana sulalowa ta tsakanin ƙulli yana sa atishawa. Akwai 'ya'ya a ciki da sai an tsince, ga ta da saurin kama wuta. Ƙyallayen tela da aka yayyanka suna da nauyi, ƙwallon ta yi gudaji-gudaji, bayan wanki kuma ta ƙi bushewa. Faiba, farar audugar roba ta masu filo da kujeru, ita ta ci: a matse ta ta dawo, a wanke ta bushe. Ƙyallen dai ban yar ba, zai yi amfani a gindin zabuwa inda nake son nauyi.

Cusawar ma da iyawa. Ba dunƙule guda ake turawa ba. A yayyage ta ƙanana, a fara jerawa a jikin bango, sannan a cika tsakiya ana dannawa da gindin fensir. Kuma a cika fiye da yadda ido ke ganin ya isa, don in ta kwana biyu a hannun yaro kwanciya za ta yi. Iyakar abin, kada ƙulli ya buɗe har fari ya bayyana. Lokacin cusawa shi ne in ragi ya sauko 18. A 12 yatsa ba ya shiga.

Sai ido. Akwai baƙin idon roba mai ƙusa a baya da ɗan faranti da ke kulle shi ta ciki, milimita 6, 8, 9 har sama. Yana da ƙyalli, nan take yake raya fuska. Amma saƙa ramuka ce, in yaro ya dage da haƙori ƙulli na iya buɗewa idon ya fito da farantinsa. A Turai da Amurka dokar kayan wasa ta hana ƙananan ɓangarori ga yaron da bai kai shekara uku ba, har wani ɗan bututun gwaji suke da shi mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya ana lissafa shi cikin masu shaƙe yaro. Cikin masu jiran garken nan akwai waɗanda ko yaye su ba a yi ba. Da zare zan yi ido, duka. Maɓalli da duwatsun ado ma babu.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Goggo ta zo ta tarar da kunkuru a kan talabijin. Ta ɗauka ta jujjuya shi.

"Ke 'yar nan, wannan ba mutum-mutumi ba ne? Kin kuwa tambaya?"

"Na tambaya, Goggo. Abin wasan yara ne, ba na ajiya ba."

"To me yake yi a kan talabijin?"

Na sauke shi na miƙa wa yara.

Tambayarta tana kan hanya, kuma duk wadda za ta shiga wannan saƙa a garuruwanmu sai ta gamu da ita. Abin da malamarmu ta Islamiyya ta karantar da mu shi ne, ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW). A ruwayar Abu Dawuda ma har da doki mai fukafukai a cikinsu. Akwai kuma hadisin Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz, cewa sukan sa yara azumin Ashura, su yi musu abin wasa na ulu, in yaro ya yi kukan abinci a ba shi ya shagala har a sha ruwa. Da waɗannan ne mafi yawan malamai suka keɓe kayan wasan yara daga hanin. Inda suka saɓa shi ne wanda aka ƙawata ya fito sak da halitta, wasu sun fi son a bar fuskar ba cikakkiya ba. Ni ba mai fatawa ba ce, kowa ta tambayi malaminta. Abin da na tsayar wa kaina: na yara ne, a hannunsu zai zauna ba a kabet ba, fuska kuma ba zan zurfafa mata ado ba.

Kafin ta tafi Goggo ta ba mu labarin 'yar tsanarsu ta kara, da suke yi wa kitso da zare su goya da ƙyalle. Da ta kai ƙofa ta juyo ta ce in na gama in yi wa jikarta kaza.

Juma'a, 14 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, aiki ya tsaya. Da rana ido ba ya ƙirga daidai, da yamma kicin, da dare asham. Sai bayan asuba nake ɗan taɓawa kafin barci ya ɗauke ni. Jikin zabuwa ya kai rabi. Sai bayan Sallah.

Asabar, 5 ga Afrilu

Zabuwa ta kammala, kuma ita ce ta farko da ba ta da alaƙa da tsarin kowa. Na zauna na ƙare wa zabin maƙwabta kallo. Bayansu a tudu yake, ya gangara ya ƙare a gajeriyar jela mai kallon ƙasa, wuya siriri, kai ɗan mitsitsi. Daga gindi na fara, na kai 48, na miƙe da bango, sannan maimakon in rage shida a warwatse, sai na tara ragin duka a gefen baya, uku-uku kowane zagaye. Gaba bai motsa ba, baya ya yi ta kwantowa, wuya ya fito ta ƙirji da kansa. Wurin da kika sa ƙari ko ragi shi ke juya jiki, ba yawansu kaɗai ba.

Ragin da muka saba a hula, a zaro zare ta ƙulli biyu a haɗe su, yana barin ƙulu da rami a gefensa. A ƙwallon da aka cusa wa faiba ramin nan fari yake yi fat. Akwai ɓoyayyen ragi. Kowane ƙulli yana da leɓe biyu a sama, na gaba da na baya. Ki sa kwarashi a leɓen gaba na ƙulli na farko, ki wuce kai tsaye zuwa leɓen gaba na na biyu, ki zaro zare ta cikinsu, ki gama kamar kullum. Leɓunan baya suna nan a ciki sun toshe ramin. Sai an ƙura ido ake gane wurin.

Ɗige-ɗigen jikin ne suka ci lokaci. Farin zare siriri a allura, a shiga nan a fita can, kowane ɗigo ya hau rabin ƙulli, zaren yana bi ta cikin faiba. Da farko a layi na jera su, suka yi kama da atamfa ba tsuntsu ba. Na zare na sake, ina karkatar da kowane layi rabin taki. Kai fari mai shuɗi-shuɗi, ja biyu a gefen baki, ɗan ƙaho ruwan ƙasa a ka. Autar Yaya na ganinta ta fara kwaikwayon kukan zabo, shi ke nan na san ta fita.

Zafi ya shigo. Ulun roba da gumi ba sa shiri, sai ƙiiƙii yake a jikin kwarashi yana cijewa. 'Yar hoda a tafin hannu tana taimakawa, amma milk kotin ya fi daɗin aiki a wannan yanayi nesa ba kusa ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Raƙumi ya ba ni aiki. Dogayen ƙafafu huɗu sirara na zare ba sa ɗaukar jiki da tozo da wuya, ko an cusa su sun yi tauri, baje su yake yi. Masu yin na ado suna sa waya a ciki. Waya a abin da yaro zai kwana da shi, a'a. Sai na tuna raƙumi ai ya fi kyau a gurfane. Na naɗe ƙafafun a ƙarƙashinsa, gwiwoyi a gaba, ya zauna daram. Tozo ɗaya, irin na ƙasarmu da na Agadas, ba biyu irin na Asiya ta Tsakiya da ya cika hotuna ba. Na yi masa ɗan sirdi ja da kore mai tuntaye.

Abin da ba a cika faɗa wa mai koyo ba shi ne, saƙar ɓangarori rabin aiki ce. Haɗa su shi ne ke fitar da dabba ko ya ɓata ta. Kunne ya goce da ƙulli ɗaya, fuska ta karkace. Yanzu kowane ɓangare doguwar jela nake bar masa, in kafe shi da fil, in ajiye dabbar a ƙasa in ja baya in duba ta gaba da ta sama, sannan in ɗinka da basilla marar tsini, ƙulli da ƙulli. Kafin in rufe ɗinkin wuya nakan ƙara tura faiba daidai mahaɗar, nan ne yake fara karyewa.

Wajen neman yadda ake lanƙwasa wuya na leƙa tsare-tsaren mutane. Mai karanta na Turanci ta kula: gajeren ƙullin da Amurkawa ke kira mai ɗaya, mutanen Ingila mai biyu suke ce masa, in kika bi sunan ba ki duba daga ina tsarin ya fito ba, dabba za ta fito zanƙaleliya mai ramuka. Na Japan sun fi mini sauƙi ko da ba na jin ko kalma ɗaya, don zane suke yi. Gicciye shi ne gajeren ƙulli, ɗan ƙwai shi ne sarƙa, baki buɗe sama ƙari, kife kuma ragi, ga jadawalin lambobi a gefe.

Wuyan hannuna na dama ya fara ƙorafi. Saƙa mai tsauri tana cin hannu fiye da shawul. Na rage zama, ina miƙe yatsu tsakani.

Asabar, 10 ga Mayu

An fara rago. Duk tsarin tunkiya da na gani ta Turai ce, dunƙulen ulu mai gajerun ƙafafu, ana yi mata ƙulli mai kumbura a jiki duka. Tumakinmu ba ulu gare su ba, gashi ne kwance. Dogaye ne, ƙafa doguwa, jela siririya. 'Yar ƙasa fara ce da baƙi a kewayen ido da kunne da baki. Balami fari ne ƙato, mai gantsararren hanci da kunnuwa zube. Uda kuwa, na Fulani makiyaya, rabinsa na gaba baƙi ko ja, rabin baya fari, kamar da gangan aka raba. Shi na zaɓa. Mai saƙa ba za ta samu rago mai sauƙin ganewa kamarsa ba, kuma maƙwabcinmu ya turke guda tun watan jiya, ga abin kallo a kusa.

Daga ƙirji na fara da baƙin zare, ƙwallo mai tsawo, 36 a mafi faɗi. Canjin launi ba a farkon sabon ƙulli ake yinsa ba. A ƙullin da ya gabace shi, in saura madauki biyu a kan kwarashi, da sabon launin za ki zaro na ƙarshe. Duk da haka, tun da saƙar hawa take yi, inda baƙi ya haɗu da fari sai an ga ɗan tsani. Akwai dabarun ɓoye shi, ni dai juya jikin na yi tsanin ya koma ƙarƙashin ciki. Na ragon gaske ma layin ba da rula aka ja shi ba.

Baƙin zare yana da matsala biyu. Da dare ba a ganin ƙulli, in an ɗauke wuta kuwa sai a haƙura. Farin ƙyalle nake shimfiɗawa a cinya, da rana, a bakin ƙofa. Ta biyu, farar faiba tana haskowa ta cikinsa komai tsukewar saƙa. Na yanke tsohuwar baƙar safa mai laushi, na zura ta a rabin gaba, na cusa faibar a cikinta. Magana ta ƙare.

Na kuma canza yadda nake ɗauko zare. Maimakon in naɗo shi ta saman kwarashi, ƙugiyar nake sawa ta cafko shi daga sama. Ƙullin yana fitowa a gicciye, ya fi tsukewa, zare ma ya fi auki. Ƙafafu 8 a kewaye, gajeru kaɗan fiye da na gaske don ya iya tsayuwa, kofato ruwan toka.

Asabar, 24 ga Mayu

Ƙaho. Rago ba ƙaho tunkiya ce, kuma ba a layya da hoton tunkiya a idon yara.

Hanya mai sauƙi ita ce a yi sarƙa, a zuba ƙulli uku a kowane ido nata. Ƙarin ya yi yawa, ba shi da wurin kwanciya, sai ya murɗe da kansa. Wannan tattarewar da muke gudu a hula ita ce wata malamar lissafi 'yar ƙasar Latbiya, Daina Taimina, ta kama a 1997 a jami'ar Cornell ta Amurka. Ta saƙa da kwarashi wani nau'in shimfiɗa da masana lissafi suka daɗe suna fama da yadda za su riƙe shi a hannu, don na takarda yagewa yake yi. Ƙari kawai ta riƙa yi a ƙa'ida ɗaya ba fashi. Na ji daɗin labarin, amma ƙahon da ya fito ta wannan hanya lagwai-lagwai ne, ya fi dacewa da ribon ɗin gashi.

Wanda ya yi shi ne bututu. Na fara da 4 a tsini, ina ƙara ɗaya bayan kowane zagaye biyu har 10. Murɗewar daga bambancin tsayi take zuwa: a gefen da zai zama ciki ƙullin silale nake yi, wanda ba shi da tsayi, a gefen waje kuma mai rabin tsawo. Waje yana gaba da ciki kowane zagaye, dole bututun ya lanƙwashe. Leɓen baya kawai nake kamawa, na gaba da aka bari ya zama gurza-gurzan nan na jikin ƙaho. Faiba kaɗan-kaɗan tun ana tafiya, don in ya murɗe fensir ba ya bi. A ƙarshe na ratsa zare ta gefen ciki na ja, ya ƙara naɗewa.

Ƙaho na biyu dole ya zama kishiyar na farko, in ba haka ba duka su kalli gefe ɗaya. Wurin silale da wurin mai tsawo ake musanyawa. Na Uda ba kewaye kunne suke yi su tsaya ba, gefe suke miƙewa suna murɗawa, don haka faɗin kan ya kusa kai tsawon jiki. Na rage su kaɗan saboda kada ya riƙa kifawa.

Talata, 3 ga Yuni

Fuska. Salon Japan yana da ƙa'idarsa: kai babba, idanu a ƙasa-ƙasa nesa da juna, baki ɗan ƙarami ko babu. Ita ke sa komai ya yi kama da jariri, ko kada ne. A kan rago ta ba ni ɗan tunkiya mai ƙahon aro. Sai na rage kan, na ja hanci ya yi tsawo, na tara ƙari a samansa ya gantsare. Idanu a gefe, ba a gaba ba. Baƙi a kan baƙi ba ya fita, na yi ɗigon ruwan zuma na ratsa shi da baƙin layi a kwance, yadda ƙwayar idon tumaki da awaki take. Na kuma ratsa zare daga gurbin ido zuwa ɗayan na ɗan ja, wurin ya lotsa, goshi ya fito. Kunnuwa dogaye, ba faiba, suna reto ƙarƙashin ƙaho.

Hajiya maƙwabciyarmu ta shigo karɓar turmi ta gan shi.

"Kai, tubarkalla! Maman yara, nawa za ki yi mini uku?"

"Hajiya, ba na sayarwa ba ne."

"Haba, ai sana'a ce. Ko kuɗin na roban nan na kasuwa ne sai in ba ki."

Da zuciya ɗaya ta faɗa. Na roba inji ke zubo su dubbai. Saƙar kibiya ma inji na yin ta, shi ya sa rigar sanyi ke da arha, amma saƙar kwarashi irin wannan har yau hannu ne ke yin ta ƙulli bayan ƙulli. In na lissafa zaman da ƙaho ɗaya ya ci, kuɗin da zan faɗa sai ya ɓata zumunci. Na ce ta turo 'yarta in koya mata, zare da kwarashi kawai za ta zo da su. Ta ce bayan Sallah.

Lahadi, 8 ga Yuni

An yi Sallah ranar Juma'a, garke ya watse a hannun masu shi. Rigima a kan rago aka yi, kamar yadda na zata, sai da Yaya ta raba da cewa kwana bibbiyu. Ɗan ƙanwata, da aka yanka na gaske, ya ruga ya ɓoye na zaren a ƙarƙashin gado don kada a biyo ta kansa.

Abin da kwana biyu a hannun yara ya nuna: kunkuru ko gezau, tun da ba ɗinki a jikinsa. Ɗigon zabuwa sun riƙe. Ƙahon rago na hagu ya fara sakin ɗinki, da shi ake ɗaukarsa, zan sake bi da zare ninki biyu in ratsa ta cikin kai zuwa ɗayan ƙahon. Wuyan raƙumi ya sunkuya. Zan buɗe mahaɗar in zura naɗaɗɗen yadi mai tauri a ciki maimakon faiba zalla. Zabuwa ta faɗa miya, na wanke ta da ruwan sanyi da sabulu a hannu, na matse a tawul ba murɗawa, na shanya a inuwa. Jan gefen baki bai zuba ba, amma ƙyallen da ke gindinta har yanzu da danshi.

Saura kazar Goggo, jikin zabuwa zan bi in ɗaga jela sama. Bayanta jaki. Ruwan tokar da ya rage ba zai isa ba, kuma in za a ƙaro sai an duba lambar rini a takardar zaren, don launi ɗaya daga rini daban yakan bambanta a rana. Na ajiye takardar a jaka, in kasuwa ta dawo daidai bayan Sallah zan shiga.